Randar Ladi Kwali: Darasi a Kan Tarihin Fasaha

Gabatarwa

Duk lokacin da aka ambaci tarihin fasaha, hankalin ɗalibanmu kan tafi ne ga gumakan Girka da zane-zanen Italiya da dalar Fir'aunan Masar, kamar dai fannin baƙo ne da ya sauka a ƙasarmu da jakarsa a rataye. Alhali kuwa a aljihun kowannenmu akwai takardar Naira 20, wadda take ɗauke da hoton Janar Murtala Muhammed a gaba, a bayanta kuma tun 2007 akwai hoton wata maginiyar tukwane mai suna Ladi Kwali. Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa randa guda daga hannun wannan baiwar Allah ta isa ta koya mana yadda ake nazarin fasaha daga zamani zuwa zamani, daga kuma al'umma zuwa al'umma, ba tare da mun yi nisa da ƙasar Abuja ba.

Ƙasa da Yumɓunta

Kafin mu taɓa randar, ya kamata mu san ƙasar da aka haƙo yumɓunta. A 1928 masu haƙar kuza suka fara cin karo da mutum-mutumin gasasshen yumɓu kusa da ƙauyen Nok, a kudancin Jihar Kaduna ta yau. Wajejen 1943 aka kai wa wani jami'in mulkin mallaka mai suna Bernard Fagg wani kan mutum-mutumi daga Jama'a, wanda aka kafa a gonar doya don korar ɓarna. Fagg ya lura cewa ƙirarsa ɗaya ce da ta na Nok, daga nan ya raɗa wa al'ummar da ta yi su wannan suna. A shekarun 1960 ya yi tono a Taruga, kudu maso gabas da Abuja, inda ya tarar da irin waɗannan mutum-mutumi tare da matoyar narka tama da ta haura shekara 2,000. Binciken da masanan Jami'ar Goethe ta Frankfurt suka fara a 2005 ya ƙara tura tarihin baya, domin ya nuna al'ummar ta kafu tun wajejen shekara 1,500 kafin Miladiyya, mutum-mutumin kuma sun bayyana wajejen shekara 900 kafin Miladiyya.

A nan ne manazarci zai koyi darasinsa na farko, wato taka-tsantsan. Abu ne mai daɗin faɗi a ce matan Gbagyi, waɗanda Hausawa ke kira Gwarawa, jikokin maginan Nok ne kai tsaye. Amma tsakanin ɓacewar fasahar Nok da haihuwar Ladi Kwali akwai kusan shekara 2,000, kuma zama a ƙasa ɗaya ba shi ne zama jini ɗaya ba. Abin da hujja ta tabbatar shi ne, mazauna wannan yanki sun san sirrin yumɓu da wuta tun zamani mai nisa. Mai nazarin tarihi yakan tsaya ne inda hujjarsa ta tsaya.

Daga Kwali Zuwa Fadar Sarki

An haifi Ladi wajejen 1925 a garin Kwali, wanda yanzu yake cikin Babban Birnin Tarayya. Ginin tukwane a can sana'ar mata ce, ita ma kuma a gida ta koya tun tana yarinya, a hannun wata 'yar'uwar iyayenta. Maginiyar Gbagyi ba ta amfani da faifan juyi. Takan ajiye curin yumɓu, ta rarake cikinsa da hannu, sa'an nan ita da kanta ta riƙa kewaya shi tana jan bangon sama, tana ƙara murɗaɗɗen yumɓu zobe bisa zobe har randa ta tashi. Idan ta sha iska sai a yi mata ado da bakin wuƙa da ɗan murɗaɗɗen zare da ake mirginawa. Ladi ta shahara da zanen kunama da ƙadangare da kada da hawainiya da maciji da kifi da tsuntsu, kowanne a cikin gurbinsa tsakanin layuka. Daga nan sai a tara tukwanen a fili, a lulluɓe su da itace da ciyawa a cinna wuta.

Sunanta ya kai har fadar Abuja. Wajibi ne mu tuna cewa Abujar da ake nufi a nan ita ce tsohuwar, wadda Abu Ja ya kafa a 1828 bayan jihadi ya fitar da sarakunan Haɓe daga Zazzau. Ita ce ta koma Suleja, a Jihar Neja, bayan dokar 1976 da ta samar da sabon babban birni ta ɗauki sunanta. Sarkin wancan lokaci, Alhaji Sulaimanu Barau, wanda ya yi mulki daga 1944 zuwa 1979, yana tara randunan Ladi a gidansa don sha'awa. Wannan batu ne mai muhimmanci ƙwarai, domin yana nuna cewa tun kafin wani Bature ya sa mata ido, Sarki Bahaushe ya riga ya gane aikin maginiya Bagwariya ya wuce na ɗiban ruwa kawai.

Baƙo da Tanderunsa

A gidan Sarkin ne Michael Cardew ya fara ganin aikinta a 1950, shekarar da gwamnatin mulkin mallaka ta ɗauke shi jami'in kula da sana'ar tukwane. Cardew mutumin Ingila ne, kuma almajirin Bernard Leach ne tun 1923. Shi kuwa Leach a Japan ya koyi sana'ar, ya komo gida a 1920 tare da abokinsa Shoji Hamada suka kafa maginarsu a St Ives, suna masu ɗaukar tangaran ɗin daular Song ta ƙasar Sin a matsayin abin koyi. Ke nan lokacin da Cardew ya buɗe Cibiyar Koyar da Ginin Tukwane ta Abuja a 1952, ba fasahar Ingila kaɗai ya zo da ita ba, har da ta Japan da ta Sin.

Ladi ta shiga cibiyar a 1954, ita ce mace ta farko. Ta koyi aiki da faifan juyi, ta yi kwanuka da kofuna da butoci, amma ba ta yar da na gida ba. Ta ci gaba da gina manyan randuna da hannu, sai dai yanzu da yumɓun cibiya. Takan cike ramukan zanenta da farin yumɓu, a shafe randar da ruwan ƙyalli, a gasa ta a tanderu mai zafin da ya haura digiri 1,200, wanda wutar fili ba ta kai ko kusa da shi. Sakamakon haka sai ga kunamar Kwali tana leƙowa ta ƙarƙashin ƙyallin da asalinsa daga gabashin Asiya yake. Darasi na biyu ke nan: fasaha matafiyiya ce, kuma wanda ya iya kallo zai karanta hanyoyin da ta biyo a jikin abu guda.

Riba da Hasara

An nuna ayyukan cibiyar a zauren Berkeley da ke Landan a 1958 da 1959 da 1962, kuma randunan Ladi ne suka fi jan hankalin masu saye. A 1972 ta zaga Amurka tare da Cardew tana gina randa a gaban jama'a. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba ta digirin girmamawa a 1977, ta kuma sami lambar yabo ta ƙasa don hazaƙa a 1980. Magdalene Odundo, haifaffiyar Kenya, wadda ta zama ɗaya daga cikin fitattun maginan Birtaniya, ta zo Abuja a 1974 ta koyi ginin hannu a wurinta. Wato hanyar ba ta zama mai zuwa kawai ba, har da komawa.

To amma me aka rasa? Randar gargajiya tana sanyaya ruwa ne saboda jikinta yana da ƙananan kafofi, ruwa yana tsattsafowa, iska tana busar da shi, zafi yana fita. Randar da aka gasa a tanderu aka rufe ta da ƙyalli ba ta tsattsafo, ga nauyi, ga tsada. Ta yi kyau, ta yi ƙarko, amma ta bar gindin inuwa a tsakar gida ta koma bayan gilashi a gidajen tarihi. Darasi na uku shi ne mu riƙa tambayar wa ake yi wa abu, wa ke saye, da kuma abin da ya sauya da mai sayen ya sauya.

Akwai kuma batun suna. Mun san Ladi domin Sarki ya tara aikinta, cibiya ta buga hatiminta, jaridun Landan sun rubuta ta. Mun san Halima Audu da Asibi Ido da Lami Toto domin sun biyo ta zuwa cibiyar. Dubban matan da suka yi randunan Kwali da Ushafa kafin su kuwa tarihi ya haɗiye sunayensu, kamar yadda ya haɗiye na maginan Nok. Abin takaici ma, mutum-mutumin Nok da yawa ɓarayi ne suka tone su suka fitar, har Majalisar Gidajen Tarihi ta Duniya ta sa su cikin jerin kayan da ke cikin haɗari a shekarar 2000. Duk wanda aka tone ta haka ya rabu da ƙasar da za ta faɗi shekarunsa.

Kammalawa

Ladi Kwali ta rasu a Minna ranar 12 ga Agusta, 1984, shekara bakwai kafin gwamnati ta tare a sabuwar Abuja. An sa wa cibiyar Suleja sunanta, akwai kuma titi mai sunanta a Wuse. Wannan karramawa ce, amma ba ta maye gurbin nazari. Masu iya magana sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Ba muna cewa ɗalibi ya juya wa Girka da Sin baya ba ne, domin randar Ladi kanta ba za ta fahimtu ba sai da su. Abin da muke kira gare shi shi ne a fara daga gida. Har yanzu mata suna gini a Ushafa, ko da yake roba da alminiyam sun cinye musu kasuwa. Ya rage namu mu je mu zauna a gabansu da alƙalami da takarda, mu rubuta sunayensu da na iyayen da suka koya musu, da sunan kowane zane a harshensu, tun wuta ba ta mutu ba.