Grimaldi: Mutumin da Ya Sayar da Ƙafafunsa Don Landan Ta Yi Dariya

Yau za mu ɗan ajiye labarin soyayya mu leƙa Ingila ta shekaru ɗari biyu da suka wuce. In aka ce ɗan wasan barkwancin Turawa, yawancinmu Chali Chaplin ne ke faɗo mana a rai. To amma kafin a haifi Chali da shekaru sama da ɗari, an yi wani mutum a birnin Landan wanda har yau masu shafa farin kwalli a fuska suna ba da dariya ke amsa sunansa. Shi ne Joseph Grimaldi. Ni dai na fara sanin sa ne ta littafin tarihin rayuwarsa, wanda Charles Dickens ya gyara aka buga a 1838. Na ɗauka zan sha dariya, sai na ƙare da tagumi.

An haife shi ranar 18 ga Disamba, 1778. Mahaifinsa Giuseppe mutumin Italiya ne, shi ke koyar da rawa a gidan wasa na Drury Lane. Mahaifiyarsa Rebecca Brooker kuwa 'yar rawa ce. Uban nan, Allah Ya kyauta, mugu ne na ajin farko. Yaron bai cika shekara uku ba ya ɗora shi kan dandamali. Akwai wasan da ake sa masa kayan biri, uban ya ɗaura masa sarƙa a ƙugu ya riƙa wujijjiga shi a sama. Ran nan sarƙar ta tsinke, yaro ya tashi sama ya faɗa cikin 'yan kallo. Littafin ya kuma kawo yadda tsohon ya taɓa kwantawa ya yi mutuwar ƙarya don ya ga wanne cikin 'ya'yansa zai yi kuka. Joseph ya gane dabarar ya fashe da kuka, ƙaninsa John ya hau murna, aka tashi aka lakaɗa masa duka. Da uban ya yi ta gaskiyar a 1788, Joseph yana ɗan shekara tara, shi ya koma mai ciyar da gida.

Sai na ɗan yi bayani a nan, don mai karatu ya gane dalilin da ya sa wasan ya zama na jiki. A wancan zamani doka ta keɓe wasan kwaikwayo mai magana zalla ga manyan gidaje masu takardar izinin sarki, wato Drury Lane da Covent Garden. Ƙananan gidaje irin su Sadler's Wells, inda Grimaldi ya tashi, sai dai su yi waƙa da rawa da tsalle-tsalle. Wanda aka hana shi magana kuwa dole gaɓoɓinsa su yi masa. Ga shi kuma yana aiki a gida biyu lokaci guda. In ya gama a Sadler's Wells sai ya zuba da gudu zuwa Drury Lane, har littafin ya ce akwai daren da ya yi tafiyar cikin minti takwas.

Irin wasan da ya shahara da shi ana fara shi ne lokacin Kirsimeti. Labarin kusan ɗaya ne kullum: saurayi da budurwa sun gudu, tsohon uba yana bin su, baransa wawa yana taya shi amma ɓata lamarin yake yi. Kafin Grimaldi, wannan bara wani bagidaje ne mai tsumma, ba shi ne abin kallo ba. Shi ya juya abin. A farkon shekarun 1800 ya shafe fuskarsa fari fat, ya zana ja a kumatu da leɓe, ya sa tufafi masu rambatsau. Ya mai da wawan nan ɓarawo, makwaɗaici, marar kunya, mai cusa duk abincin da ya gani cikin aljihun da ba ya cika. Duk wanda ya taɓa tsayawa kallon 'yan kama suna wa'azin tuwo da nama zai gane inda dariyar take. Sai dai nasa ya haɗa da ƙirƙira. Ya taɓa harhaɗa mutum da kayan lambu a gaban jama'a, mutumin ya tashi ya dambace shi. Ya taɓa zura ƙafafunsa cikin bokitan gawayi a matsayin takalma don ya kwaikwayi sojojin doki masu ƙwalisa. A Disambar 1806 aka fara wasan Mother Goose a Covent Garden, wanda Thomas Dibdin ya rubuta, aka yi dare 92 ana cika gidan. Daga nan sunansa na gida, Joey, ya zama sunan sana'ar baki ɗaya. Har mawaƙin nan Lord Byron ya yi abota da shi.

Amma fa bayan labule wani labari ne. Matarsa ta fari, Maria Hughes, ta rasu wajen haihuwa a 1800, ba su yi shekara biyu da aure ba. Ƙaninsa John da ya shiga jirgin ruwa tun yana yaro ya dawo wani dare a 1803, ya same shi a gidan wasa. Joseph ya ce ya jira shi ya sauya kaya. Ya fito bai gan shi ba, kuma bai sake ganin sa ba har abada. A Oktobar 1807, ana cikin wasa a Sadler's Wells, wani ya yi ihun ana faɗa, jama'a suka ji kamar an ce gobara, don kalmomin biyu sun yi kama a Turanci. Mutum 18 suka mutu a turmutsutsun. Abin da ke sanyaya masa rai shi ne kiwon tantabaru da tara malam-buɗe-littafi.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne jikin. Faɗuwar da mutane ke biyan kuɗi su gani faɗuwa ce ta gaske, kan katako, dare bayan dare, shekara arba'in. A ƙarshe sai da ta kai ana ajiye mutane a gefen dandamali, da ya fito su kama shi su hau matsa masa jijiyoyin da suka ɗaure, sannan ya koma ya ci gaba da tsalle. Masu gidan sun sani, shi ma ya sani, amma bai iya tattalin kuɗi ba, ga iyali. A 1823, yana da shekara 44, ƙafafun suka ce sun gaji. A 1828 aka shirya masa wasan bankwana biyu don a tara masa abin sawa a baka, ɗaya a Sadler's Wells cikin Maris, ɗaya a Drury Lane ranar 27 ga Yuni. A na biyun, kan kujera ya zauna da kwalliyarsa ya rera waƙa, don ba ya iya tsayuwa. Daga baya asusun 'yan wasan Drury Lane ya yanka masa fam 100 duk shekara.

Ya so ɗansa tilo, Joseph Samuel, wanda matarsa ta biyu Mary Bristow ta haifa a 1802, ya gaje shi. Yaron yana da baiwar, amma giya ta cinye shi, ya mutu a 1832 yana ɗan shekara talatin. Ba a daɗe ba uwar ta bi shi.

Tsohon ya rage shi kaɗai a unguwar Pentonville. Da yamma mai wata mashaya da ke kusa, George Cook, yakan zo ya goya shi a baya ya kai shi cikin mutane ya yi hira, in dare ya yi ya goyo shi ya dawo da shi. Haka ya yi masa a daren 31 ga Mayu, 1837. Da safe mai aikin gidan ta same shi a kan gado ya cika, yana da shekara 58. Masu binciken gawa suka rubuta cewa ikon Allah ne. An binne shi a harabar cocin St James da ke kan titin Pentonville, wurin da yanzu ya zama lambun shaƙatawa mai ɗauke da sunansa.