Yadda Babbar Askar Sheffield Ta Zama Abin Nema

Masu tara tsofaffin asake a Turai da Amurka ba sa auna faɗin aska da santimita. Inci ɗaya suke rabawa gida takwas, sai a ce wannan 5/8 ce, waccan 6/8. Askar da yawancin maza suka yi amfani da ita a farkon ƙarni na 20 ba ta cika wuce 5/8 ba. Amma wadda ake rububi a kanta yau ita ce mai 8/8 zuwa sama, mai faɗin inci guda ko fiye, mai kaurin baya, wadda in ka ɗora ta a tafin hannu za ka ji nauyinta kamar na ƙaramar adda. Galibin irin waɗannan daga gari ɗaya suka fito, wato Sheffield ta arewacin Ingila.

Garin ya daɗe da sana'ar wuƙa. Tun 1624 majalisar dokokin Ingila ta amince da kafa ƙungiyar maƙeran wuƙaƙe ta yankin, wadda ke rajistar tambarin kowane maƙeri. Ga koguna irin su Don da Sheaf da Rivelin suna juya duwatsun washi, ga dutsen kansa a tsaunukan da ke kewaye, ga ƙarfe mai kyau da ake shigowa da shi daga Suwidin. Abin da ya rage shi ne ƙarfen da taurinsa ya daidaita daga wannan kai zuwa wancan, domin aska ba ta yafe ko ɗan wuri guda mai laushi. Wani mai ƙera agogo, Benjamin Huntsman, shi ya warware matsalar a shekarun 1740, da ya gano yadda za a narkar da ƙarfe sarai cikin tukunyar yumɓu. Da fari maƙeran garin sun ƙi shi, suka ce ya yi tauri da yawa. Sai da Faransawa suka saya, suka fara cin kasuwa da shi, sannan 'yan gida suka waiwayo.

Me ya sa asaken wancan zamani suka yi kauri haka? Dalilin yana cikin dutsen washi. Gefen aska yana ɗaukar siffar dutsen da aka goga shi a kai. In dutsen babba ne, gefen zai fito kusan a miƙe, ƙarfen ya tafi da kaurinsa tun daga baya har zuwa baki. In ƙarami ne, sai ya ƙwaƙule gefen ya bar shi siriri. Sheffield da manyan duwatsu take aiki, don haka askarta ta fito da jiki. Kasuwar Amurka kuma, wadda ta buɗe sosai a farkon ƙarni na 19, tana son kaya manya masu ƙwari. Kamfanin 'yan'uwa biyu, William da Samuel Butcher, tare da Robert Wade mai kula da cinikinsu a can, ya cika shagunan aski na Amurka da asake masu tambarin Wade & Butcher, wasu har an rubuta a jikinsu cewa don masu sana'ar aski aka yi su. Joseph Rodgers da George Wostenholm su ma sun yi suna, amma a wajen masu neman manyan asake sunan Wade & Butcher ya fi amo.

Waɗanda suka yi gugar ba su ji daɗin aikin ba. A zaune suke wuni, sun sunkuya a kan dutse mai juyawa, suna shaƙar ƙurar yashi da ta ƙarfe. Likitocin garin na lokacin sun rubuta cewa masu gugar aska kan mutu tsakanin shekara 40 da 45 da ciwon huhu, masu gugar cokula masu yatsu kuma, da ke aiki a busasshen dutse, ba sa ma kai haka.

Daga baya gari ya waye wa Jamusawa. Masu guga a Hamburg da Solingen suka ƙware wajen ƙwaƙule gefen aska har ya zama kamar takarda, mai sauƙin washi, mai sauƙin riƙewa. Kafin ƙarshen ƙarni na 19 babbar aska ta zama tsohon yayi, har mutane na kai tasu a rage mata jiki. Wannan ne ya sa wadda ta tsira da kaurinta na asali ta yi wuyar samu a yau. Sai kuma King Camp Gillette ya zo da injin aski mai reza ta yarwa. A 1903 injin aski 51 kacal ya sayar, amma a Yaƙin Duniya na Ɗaya gwamnatin Amurka ta raba wa sojojinta miliyoyinsu, suka koma gida da sabon sabo. Nan aska ta shiga akwati.

Abin da ya fito da ita shi ne intanet, wadda ta haɗa mai kayan gado da mai nema, ta kuma yaɗa ilimin gyara da a da sai a bakin tsofaffin masu aski. Farkon abin da mai saye ke dubawa shi ne rubutun da ke wuyan askar. Dokar harajin McKinley ta 1890 ta wajabta rubuta sunan ƙasa a kan kayan da ake shigarwa Amurka, saboda haka askar da aka rubuta mata Sheffield kaɗai, ba tare da sunan Ingila ba, ana kyautata zaton ta riga 1891. Ƙota ma shaida ce. Tsofaffin da ƙaho ake yi musu, ko ƙashi, ko hauren giwa, ko kwanson kunkuru. Ƙaho yana bushewa ya tsage, ƙwari kuma suna cinsa, amma in aka jiƙa shi da mai yakan farfaɗo. Robar farko da ta maye gurbinsa ta fi shi mugunta, domin in ta tsufa takan fitar da iska mai guba da ke cinye ƙarfen da ke naɗe a cikinta. Mai hauren giwa kuwa dokoki sun ɗaure cinikinta, musamman a Birtaniya tun 2022.

Gyaran kansa aikin haƙuri ne. Ana cire ƙusar da ta riƙe ƙota, a bi tsatsa da samfefa daga mai kaushi zuwa mai laushi. Wanda ya yi gaggawa ya kai ta injin goge, in bakin ya ɗau zafi har ya sauya launi, taurin ya tafi ke nan, ba ya dawowa. Washi kuma ya fi na siririyar aska cin lokaci, tunda ƙarfen da za a ci yana da yawa. Shi ya sa ake manna salatif a bayanta kafin a ɗora ta a dutse, a gama da dutse mai laushi irin na Beljiyam ko Japan, sannan a shafa ta a fata. Wanzamin da ya gaji zabirar mahaifinsa ba zai ga baƙon abu a nan ba, ko da yake askarsa ta maƙerin gida ce.

Inda masu abin suka rabu shi ne iyakar gogewa. Wasu sai askar ta yi ƙyalli kamar jiya aka ƙera ta, a sa mata sabuwar ƙota mai launi. A ganina wannan ɓarna ce da sunan gyara. Zurfin tambarin maƙeri bai taka kara ya karya ba, kuma duk shafar samfefa tana rage shi. Layukan da dutsen Sheffield ya bari a gefenta su ne kaɗai sawun mutumin da ya goge ta, wanda ba a rubuta sunansa a ko'ina ba. A kashe jar tsatsa mai ci, wannan dole ne. Baƙin tabon da ya riga ya kwanta kuwa ba ya hana aski, kuma masu saye da suka san kan kaya sun fi biyan kuɗi a kan askar da ke da ƙotarta ta asali da tambarin da ake iya karantawa.