Ƙofar Kwalejin Katsina da Jarrabawar Shiga Sakandare

A 1922 Gwamna Hugh Clifford ya buɗe Kwalejin Katsina domin horar da malamai ga lardunan Arewa. Uba ba ya kai ɗansa da kansa. Makarantun lardi ne ke tace hazikan ɗalibansu su turo, kuma da Turanci ake karatun na shekara biyar. Ta wannan hanya Ahmadu Bello ya zo daga Sakkwato a 1926, Abubakar Tafawa Ɓalewa kuma daga Bauci a 1928.

Saboda haka shirin shiga yana wuyan hukuma da malaman lardi, kodayake guraben kaɗan ne, kuma babu ko ɗaya na 'ya mace. A 1938 aka mayar da kwalejin Kaduna, daga bisani Zariya, inda ta zama Kwalejin Barewa.

A Katsina ta yau guraben sun yawaita, makarantun kuɗi na shirya jarrabawar shigarsu, amma ɗawainiyar ta koma kan iyaye: kuɗin fom, malamin lesin, littattafan tsofaffin tambayoyi. Hazikin yaron da gidansu ba hali yakan tsaya tun kafin ya ga takardar jarrabawa.