Bayan Harbi Sai Lissafi: Tarihin Cinikin Man Beyar a Arkansas

A yawancin labaran farauta, da zarar dabba ta faɗi sai a rufe littafi. Amma a wurin maharbin da ke neman abin kai wa bakin salati, tsugune ba ta ƙare ba. Wannan makon za mu leƙa jihar Arkansas ta Amurka, mu ga yadda kuɗin gyaran nama da fata da sufuri ya juya rayuwar baƙar beyar, wata ƙatuwar dabbar dawa mai gashi da kitse, wadda namijinta kan wuce kilo 100.

A 1686 Faransawa suka kafa sansanin ciniki mai suna Arkansas Post. Da aka kafa birnin New Orleans a 1718, sai maharba suka samu kasuwa a ƙarshen kogin Misisifi. Tsakanin dawa da kasuwar nan kuwa tafiyar makonni ce a ruwa, don haka kowane sashe na dabbar sai an auna ko kwalliya za ta biya kuɗin sabulu.

Nama shi ya fi wahala. Babu firji, sai gishiri da hayaƙi. Gishirin kuma tsada gare shi, domin sai an kwana ana dafa ruwan maɓuɓɓuga mai zartsi a manyan tukwane kafin a samu ɗan abin kirki. A wurin irin wannan dahuwar gishiri ne 'yan ƙabilar Shawnee suka kama shahararren maharbi Daniel Boone a Kentucky a 1778.

Fata ma da nata kuɗin. Fatar beyar maiƙo gare ta. In ba a kankare kitsen an shanya ta da wuri ba, gashin zubewa yake yi, darajarta ta faɗi. Jima kuwa aikin majema ne mai cin lokaci, shi ya sa maharba kan sayar da busasshiyar fata, ribar jima ta tafi aljihun wasu.

Abin da ya fi tsira daga wannan lissafi shi ne mai. A farkon hunturu, lokacin da dabbar ta yi ƙiba, ana soya kitsenta ya narke. Man yana daɗewa bai lalace ba, ba ya bukatar gishiri, kuma ana girki da shi. Maharban gaɓar kogin White sukan fafe gungumen itace su tara man a ciki kafin a yi ƙasa da shi zuwa New Orleans. Har yau akwai wani ƙaramin gari a wurin mai suna Oil Trough, wato komin mai.

Saura sufuri. Kwale-kwalen katako masu faɗi suna bin ruwa su gangara, amma ba sa iya dawowa. A New Orleans akan wargaza su a sayar da katakon, fatake su komo gida a ƙafa. Wannan wahala ta zama garkuwa ga dabbar. Da jirgin ruwa mai tururi ya iso New Orleans a 1812, sai hanya ta fara sauƙi, baƙi suka kwararo, aka sare dazuzzuka aka yi gonaki, farauta ta ƙaru.

Jihar da a da ake yi wa laƙabi da jihar beyar ta wayi gari dabbar na neman ƙarewa. A 1927 aka haramta farautarta, kuma a shekarun 1930 an kiyasta waɗanda suka rage ba su kai 50 ba. Tsakanin 1958 da 1968 hukuma ta kwaso guda 254 daga Minnesota da Manitoba ta Kanada ta sake su a tsaunukan jihar. Sai a 1980 aka sake buɗe farauta, bisa ƙa'ida.

Ku duba yadda lissafin ya juya: jihar da ta daɗe tana biyan kuɗin fitar da man beyar, ita ce ta koma biyan kuɗin motar shigo da beyar da ranta. Sai mun haɗu a mako mai zuwa.