Daga Guduma Zuwa Samfefa: Tarihin Gyaran Rim a Abuja

Lokacin da gwamnatin tarayya ta baro Legas ta tare a Abuja a Disambar 1991, Fijo ce sarauniyar tituna, musamman 504 da 505 na kamfanin PAN, wanda ya fara harhaɗa motoci a Kaduna a 1975. Rim ɗin galibinsu na ƙarfe ne zalla. In ya faɗa rami ya lanƙwashe, mai faci ko fanel bita zai kwance shi, ya bi bakinsa da guduma har ya koma daidai, ya shafa masa fenti, shi ke nan. A wancan zamani, mu kanmu 'yan garejin ba mu ɗauki gyaran rim a matsayin sana'a mai zaman kanta ba.

Tattalin arziki ne ya sauya lamarin. Bayan shirin gyaran tattalin arziki na SAP na 1986 darajar naira ta faɗi, sabuwar mota ta fi ƙarfin ma'aikaci, sai motocin tokumbo suka kwararo ta Legas da Kwatano. Da yawansu sun zo da rim na alminiyam, mara nauyi, mai ƙyalli, wanda ba shi da marfin da zai rufa masa asiri. Shi kuwa alminiyam ba ya jure guduma, in aka matsa masa sai ya tsage. Ga kuma titunan Garki da Wuse da Maitama masu dakalin kankare a gefe, inda direba ke goga ƙafar mota wajen fakin. Wannan ne ya haifar da masu walda da iskar agon, da masu injin miƙe rim, da masu fentin feshi a unguwar makanikai ta Apo da kewayen kasuwar Gudu.

Tun da aka sakar wa kasuwa darajar naira a Yunin 2023 kayan waje suka ƙara tsada, masu motoci da dama sun koma gyara ƙarjewar rim a gida, kuma ina ganin sun yi daidai muddin sun san iyakarsu. Ƙarjewa ciwon fata ne, bai kai ƙashi ba. Za a wanke rim da sabulu a cire maiƙo da ƙurar birki, a goge wurin da samfefa mai kaushi, a cike ramin da fila, a bi da samfefa mai laushi da ruwa har yatsa ya daina jin tudu. Sai a rufe taya da jarida da salatif, a fesa fentin share fage, a bi da launi sama-sama sau biyu ko uku, a rufe da kiliya. Babban abokin gaba shi ne gaggawa, sai ƙurar hunturu da ke sauka kan ɗanyen fenti ta mayar da shi kamar bangon yashi.

Wasu abokan sana'a na cewa wannan cire musu abinci ne daga baki, kuma fentin gwangwani ba ya kai wanda aka gasa a tanda ƙarko. Batun ƙarko gaskiya ne, amma mai motar da ya ceci rim ɗinsa da kuɗi kaɗan bai yi asara ba ko da zai maimaita bayan shekara biyu. Batun abinci kuwa, ƙwarewar Apo tana wajen miƙewa da walda da daidaita ƙafa, ayyukan da ba a yi a tsakar gida. Abin da ya kamata ya tayar mana da hankali shi ne fentin da ke ɓoye tsagewa. Rim mai tsagewa yana sace iska a hankali, yana iya buɗewa ana tsaka da gudu a titin Kubwa ko hanyar filin jirgi, kuma fila ba ta riƙe nauyin mota.

Don haka kafin ka ɗauki samfefa, juya rim ɗin ka duba cikinsa, ka zuba ruwan sabulu ka ga ko zai yi kumfa. In sitiyari na rawa ko iska na raguwa, ajiye gwangwanin fenti ka kai wa gwani. Kyan mota na ido ne, lafiyar ƙafarta kuwa ta rayukan da ke cikinta ce.