Daga taron Paris zuwa Duwala: yadda nahawun kwamfuta ya shiga jami'a

Yaron da ya tashi a unguwar New Bell ta Duwala ya samu gurbi a sashen lissafi da ilimin kwamfuta na Jami'ar Duwala yakan je da zumuɗin cewa tun ranar farko za a zaunar da shi gaban na'ura. Sai ya tarar da allo da alli. Malami zai sa a tsara matakan warware matsala da Faransanci, a buɗe da Début, a bi da Si da Alors da Tant que, a rufe da Fin, duk a kan takarda. Wasu kan ɗora laifin a kan ƙarancin na'urori, amma al'adar ta girmi wannan uzurin.

Kafin 1957, yawancin masu ba kwamfuta umarni da lambobi da gajerun alamomi suke yi, waɗanda na'ura iri ɗaya tak take ganewa. A shekarar ne John Backus da abokan aikinsa a IBM suka fito da Fortran. John McCarthy ya biyo da Lisp a 1958, Cobol ya zo a 1959 don lissafin bankuna da ofisoshi. Daga nan harsuna suka yi ta tsiro, kowa da nasa.

A Janairun 1960 masana 13 daga Turai da Amurka suka zauna a Paris suka tsara Algol 60. Harshen bai yi kasuwa ba, amma rahotonsa, wanda Peter Naur ɗan Denmak ya tace, ya kawo abin da ya fi harshen daɗewa. An rubuta ƙa'idojin ginin jimla da wasu alamomi tsayayyu, ta yadda za a iya yanke hukunci ko jimla daidai take ba tare da gardama ba. Duk wanda ya taɓa zama a zaure yana karatun Ajurumiyya ya san dabarar. Ba jimlolin Larabci ake haddace masa ba, dokar da ke haifar da su ake koya masa. Jami'o'i suka ga cewa koyar da harshe ɗaya asara ce, tunda zai tsufa kafin ɗalibi ya tsufa, gara a koyar da abin da ke ƙarƙashin harsunan duka. Manhajar da ƙungiyar ACM ta fitar a Amurka a 1968 ta ware wa harsuna da gina manhajar fassara darussa nasu. A 1970 Niklaus Wirth na Zurik ya ƙirƙiri Pascal musamman don aji.

Faransa ta ɗauki fannin a matsayin reshen lissafi. A Marsel aka haifi harshen Prolog a 1972, cibiyar bincike ta INRIA kuma ta raini harshen Caml. Ta wannan ƙofa karatun ya shigo Kamaru. A 1971 shugabannin wasu ƙasashen Afirka masu amfani da Faransanci suka amince a Fort-Lamy, Njamena ta yau, a kafa makarantar ilimin kwamfuta ta IAI a Libreville, a shekarar da aka buɗe kwalejin injiniyoyi ta Yawunde. A Yawunde ɗin ne Farfesa Maurice Tchuente ya horar da ɗalibai da dama, a can kuma aka yi taron masu binciken ilimin kwamfuta na Afirka, CARI, na farko a 1992.

Duwala ta makara. Birnin tashar jiragen ruwa ne da ciniki, cibiyar karatun da aka ba shi a 1977 ta fi karkata ga kasuwanci da koyar da sana'a. Sai a Janairun 1993, da aka raba jami'ar ƙasar guda ɗaya zuwa shida, ya samu cikakkiyar jami'a.

Ita kuwa New Bell ba don karatu aka yanke ta ba. Jamusawa ne suka ware ta don tura 'yan ƙabilar Duwala daga bakin kogin Wuri, rigimar da ta kai ga rataye Sarki Rudolf Duala Manga Bell ranar 8 ga Agustan 1914. Daga baya ta zama zangon baƙi, fataken Hausawa suka kafa unguwa da masallatai. Jikokinsu na tasowa da Hausa a gida, Faransanci a makaranta, Turancin buroka a kasuwa, wasu har da Fulatanci. A ganina babu ɗalibin da ya fi su dacewa da darasin da ke kwatanta harsuna, sai dai jan kasuwar Kongo ta Duwala yakan riga jami'a ɗauke yaro.

Tun daga ƙarshen 2017 gwamnati ta fara raba wa ɗaliban jami'o'i kwamfutocin hannu 500,000 da ta yi alkawari. Pascal ya ja baya, C da Java da Python sun karɓi fili. Amma ɗalibin da ya kai darasin nazarin harsuna har yanzu da biro yake zana bishiyar jimla, reshe bayan reshe, don ya nuna dalilin da ya sa na'ura take fara ninkawa kafin ta tara.