Yadda Raguwar Ciniki Ke Cinye Ribar Aiki

Ribar aiki ita ce abin da ya rage daga kuɗin ciniki bayan an cire duk abin da aka kashe wajen gudanar da sana'a, kafin a biya ruwan bashi da haraji. Ana auna ta da kaso: naira nawa ta rage a cikin kowace naira 100 da aka sayar.

Kashe kuɗi iri biyu ne. Akwai wanda ke bin ciniki, kamar sayen shanshera, man dizal, buhuna da kuɗin dako. Akwai kuma tsayayye, kamar hayar sito, albashin mai gadi da na mai kula da inji. Shi wannan, ko an sayar ko ba a sayar ba, sai an biya.

A ɗauki misalin ƙungiyar da ke da injin casar shinkafa, tana cinikin naira miliyan 10 a wata. Kuɗin da ke bin ciniki miliyan 7, tsayayye miliyan 2. Riba miliyan 1 ke nan, wato kashi 10 cikin 100.

To, a ce buhunan da ake sayarwa sun ragu da kashi 20. Ciniki ya koma miliyan 8, kuɗin da ke binsa ya sauka zuwa miliyan 5.6, amma tsayayyen yana nan daram. Riba ta zama naira 400,000, kashi 5 kacal. Ciniki ya ragu da kashi 20, riba ta faɗi da kashi 60. In ya yi ƙasa da kusan miliyan 6.7, an fara cin uwar kuɗi.

Faɗuwar farashi ta fi muni. In an riga an sayi shanshera da tsada, sannan farashin shinkafa ya karye da kashi 20, ba abin da zai ragu a kashe kuɗi. Ciniki miliyan 8, kashewa miliyan 9: asarar miliyan 1.

Don haka, ku raba kashe kuɗinku gida biyu a littafi, ku san cinikin da ke mayar da uwar kuɗi. In kasuwa ta ja baya, kada inji ya zauna haka nan: ku yi wa wasu casa su biya, ku sayar da dusa. Kuma kada ku karya farashi sai kun yi lissafi, domin ruwan bashi daga wannan ribar ake biyansa.